A Sha Lemo Ko A Ci Shi?

Idan hunturu ya kama, manyan motoci sukan taso daga ƙasar Binuwai shaƙe da lemo, su sauke a kasuwanninmu. Nan da nan sai ka ga masu talla sun jera shi a faranti, ko'ina ka duba ga shi nan. Ka ba da kuɗinka, mai sayarwa ya sa wuƙa ya fere ɓawon, ya yanke kan, ya miƙa maka. Kai kuma ka kafa baki kana tsotsa kana matsawa, har ruwan ya ƙare, sa'an nan ka yar da sauran a ƙasa. Akuya ta zo ta cinye. To, yara, tsakanin kai da akuyar nan wa ya fi cin riba? Ku riƙe tambayar nan a zuci, za mu komo kanta.

Mu Hausawa mukan ce mun sha lemo, mun sha mangwaro, mun sha rake. Game da rake maganar daidai take, domin tuƙarsa ba ta haɗiyuwa, dole a tofar. Amma abin da ake yarwa na lemo ba tuƙa ba ne, abinci ne mai amfani ƙwarai.

Ku samo lemo ɗaya, ku ɓare shi da hannu, ku duba cikinsa da kyau. Za ku ga an raba shi sala sala, kowace sala da 'yar fatarta. In kun buɗe salar, za ku ga waɗansu 'yan jakunkuna ƙanana masu yawa, ruwan kuwa a cikinsu yake ɗaure. Ga kuma farin abu mai laushi da zare zare a jiki. Fatar nan, da jakunkunan, da zaren, su ne masana lafiya ke kira harza. Cikin ruwan kuwa akwai sukari, da wani sinadari mai tsare lafiyar dasashi da fata wanda ake kira bitamin C. Wanda ya ci lemo duka ya sami ruwa da harza tare. Wanda ya matse ya tace, ruwa kaɗai ya samu.

Kafin a cika kofi mai cin mililita 250, sai an matse lemo kamar 3. Lemo ɗaya matsakaici yana da harza wajen giram 3, watau ukun nan suna da giram 9. Amma abin da ke wucewa cikin kofin bai fi rabin giram ba. Sukarin da ke cikin kofin nan kuwa ya kai giram 21, watau cike da ƙaramin cokalin shayi sau 5. Ga shi kuwa ba wanda ya zuba sukari ko ƙwaya ɗaya, na lemon ne kansa.

Mene ne amfanin harza? Hanjinmu ba ya narkar da ita kamar yadda yake narkar da tuwo, amma tana aiki iri uku. Na fari, tana riƙe sukari, ta sa ya shiga jini sannu a hankali. Ku tuna da mai lambu. In ya saki ruwa kaɗan kaɗan cikin fangali, ƙasa ta sha, shuka ta ji daɗi. In kuwa ya kwara shi gaba ɗaya, sai ya yi ambaliya. Haka sukarin ruwan lemo yake, ba abin da ke tare shi, sai ya wuce da sauri. Na biyu, harza tana cika ciki, mutum ya ji ya ƙoshi. Na uku, tana tausasa bayan gida, ta hana shi tauri, ta kuma ciyar da waɗansu ƙananan halittu masu amfani da ke zaune cikin hanji.

Akwai kuma zancen tauna. Yaro ba ya cinye lemo 3 sai ya zauna, ya ɓare, ya tauna, ya fitar da ƙwallaye, galibi ma kafin ya gama na biyu ya ƙoshi. Amma kofin ruwansu, kafin ka ce kwabo ya shanye, ya miƙo a ƙara masa. A shekarar 1977 waɗansu likitoci a birnin Biristol na ƙasar Ingila suka jarraba wannan da tuffa. Suka ba mutum 10 tuffa su ci, wata rana kuma suka ba su ruwan tuffa mai sukari daidai da na farin. Aka tarar shan ruwan ya fi cin tuffar sauri har ninki 11, bai kuwa ƙosar da su kamar tuffar ba. Mai shan ruwan 'ya'yan itace da yawa kullum yana tara wa jikinsa sukari, alhali yunwarsa tana nan, sai ya ci abincinsa kamar bai sha kome ba. Ta haka ƙiba ke shigowa ba sallama.

A shekarar 2013 masana na Jami'ar Harvard ta Amurka suka bayyana wani bincike babba. Sun bi mutum fiye da 187,000 shekara da shekaru, suna rubuta abin da suke ci da cututtukan da suka same su. Suka ga masu yawan cin 'ya'yan itatuwa ɗungum, musamman irin su inabi da tuffa, ciwon sukari bai cika kama su kamar sauran ba. Masu yawan shan ruwan 'ya'yan itatuwa kuwa, an fi samun ciwon a cikinsu.

Saboda irin waɗannan dalilai, a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ruwan 'ya'yan itatuwa cikin jeri ɗaya da sukarin shayi da zuma, watau abubuwan da ya kamata a taƙaita. Ta ce kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincin yini. Ga babban mutum wannan kamar cokali 12 ne, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Ku lura, kofi ɗaya tak ya kusa cinye shidan nan. Sukarin da ke cikin ɗan itacen da ba a matse ba kuwa, hukumar ba ta sa shi cikin wannan lissafi ba. Ta ma shawarci manya su ci 'ya'yan itatuwa da kayan lambu aƙalla giram 400 kowace rana.

Haƙora ma suna da ƙara a kan ruwan lemo. Cikin bakin kowa akwai ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Su kuwa sukari ne abincinsu, in sun ci sai su fitar da tsami, tsamin nan shi ke cin haƙori har ya yi rami. Yaron da ke yini da gorar ruwan lemo yana kurɓa kaɗan kaɗan, haƙoransa suna jiƙe cikin zaƙi da tsami tun safe har yamma. Zuma da zaƙi, amma da harbi.

Kada fa ku ce ruwan lemo guba ne. Yana da ranarsa. A zamanin da, ma'aikatan jiragen ruwa na Turawa sukan yi watanni bisa teku ba ɗanyen abinci, sai wata cuta ta kama su, dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su zube, da yawa su mutu. A shekarar 1747 wani likitan jirgi mai suna James Lind ya ware marasa lafiya 12, ya raba su biyu biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da ya ba lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka farfaɗo da sauri. Daga shekarar 1795 aka riƙa raba wa mayaƙan ruwa na Ingila ruwan lemon tsami, cutar kuwa ta ja da baya ƙwarai. Bitamin C ɗin da ke cikin ruwan shi ya cece su. Har yau mara lafiya wanda ya kasa cin abinci, da tsoho wanda haƙora suka ƙare masa, ruwan lemo yana taimakonsu. Amma kai da kake da haƙoranka, ga kuma lemon a hannunka, me zai sa ka ɗauki rabin amfani ka bar rabi?

In za a sha, a sha da ƙa'ida. Hukumomin lafiya na Ingila sun ce ƙaramin kofi ɗaya, mililita 150, ya isa a yini, a kuma sha shi lokacin cin abinci. A shekarar 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ba jariri ruwan 'ya'yan itatuwa sai ya cika shekara ɗaya. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. In ƙanenka yana zawo, kada a ɗura masa ruwan lemo, domin yawan zaƙi yana iya ƙara zawon. A ba shi ruwan gishiri da sukari irin na asibiti, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Lemon kwalba da na kwali kuwa, da yawansu ruwa ne da sukari da launi, ɗan itacen da ke ciki kaɗan ne ko babu. Ku karanta abin da aka rubuta a jikinsu kafin ku saya.

Allah ya wadata ƙasarmu da 'ya'yan itatuwa, kowane lokaci da nasa. Da bazara ga mangwaro. Ga gwanda, ga ayaba, ga kankana, ga gwaiba wadda ta fi lemo bitamin C nesa ba kusa ba. A daji kuma ga magarya, da kanya, da ɗinya, da goruba, da 'ya'yan kuka. Ku wanke hannu, ku wanke ɗan itacen da ruwa mai tsabta, ku tauna, ku haɗiye. In ƙishirwa kuke ji, ku sha ruwa. Gobe in mai lemo ya fere muku, ku tsotse, sa'an nan ku tsaga shi ku cinye cikin. Akuya ta yi haƙuri da ɓawo. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Tambayoyi

1. Mece ce harza, kuma a ina take cikin lemo?
2. Faɗi aiki uku da harza ke yi a jikin mutum.
3. Lemo nawa ake matsewa kafin a cika kofi, kuma sukari cokali nawa ke cikinsa?
4. Yaya ruwan lemo ke ɓata haƙori?
5. Me James Lind ya gano a shekarar 1747?
6. Su wane ne ruwan lemo ya fi yi wa amfani?

Aiki

Ku matse lemo ɗaya cikin tsumma mai tsabta, ku shanya abin da ya rage, ku kawo aji ku nuna wa malam. Sa'an nan ku rubuta sunayen 'ya'yan itatuwa 10 da ake samu a garinku, da lokacin da kowanne ke nuna.