Matsayin Harshe a Ganawar Likita da Mai Taɓin Hankali

Gabatarwa

Likitan ƙwaƙwalwa ba ya gano yawancin cututtukan da yake dubawa ta gwajin jini ko hoto. Magana ce babban makaminsa. A wannan maƙala zan duba yadda Hausa ke aiki a irin wannan ganawa a Jos, inda ɗaliban likitanci ke samun horo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, suna ganin Birom da Jarawa da Anaguta da Hausawa, waɗanda akasari Hausa ce ke haɗa su.

Matakan Ganawa

Da farko akwai gaisuwa da kiran mutum da sunan girmamawa: Baba, Mama, Malam. "Lafiya lau" amsar gaisuwa ce kawai, don haka likita kan bi ta da buɗaɗɗiyar tambaya: "Baba, me ke tafe da kai?" Daga nan sai tarihin ciwon, da na iyali, da shaye-shaye, sannan auna kamanni, magana, yanayin rai, tunani da tunawa.

Inda Harshe Ke Tuntuɓe

Na ɗaya, kalmar "ji". Tana nufin sauraro, fahimta, shaƙar wari da abin da jiki ya ɗanɗana. Saboda haka "Kina jin magana?" na iya zama tambayar ladabi. Mai neman sanin ko majiyyaciya na jin muryoyi sai ya ce: "Mama, kunnenki kan jiyo maganar mutane alhali ba kowa a wurin?"

Na biyu, kunya. Matar da ta ƙi faɗin sunan mijinta ko ɗanta na fari ba mantuwa ta yi ba, al'ada ta kiyaye.

Na uku, fassarar gwaji. Gwajin Folstein na 1975, mai maki 30, kan sa a jero haruffan wata kalmar Ingilishi daga ƙarshe. Wannan zalunci ne ga wanda bai yi boko ba. Jero ranakun mako da baya ya fi masa adalci. Haka ma karin magana: Bahaushe zai warware "Ruwa ba ya tsami banza", amma wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne yana iya kasawa alhali hankalinsa garau.

Na huɗu, kalmar "mahaukaci" takan rufe bakin majiyyaci da danginsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta jaddada mutuncin majiyyaci.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta kisan kai. Ana shiga ta a hankali: "Ka taɓa jin duniyar ta ishe ka?" sannan a fito fili: "Ka yi tunanin kashe kanka?" Bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani.

Kammalawa

A ganina, aikinmu ne mu ɗaliban harshe mu tattara kalmomin damuwa, firgita da ɓacin rai yadda ake furta su a Jos, mu zauna da likitoci a daidaita su, domin tambayar da ta karkace takan kai ga maganin da bai dace ba.