Darasi A Kan Shara: Abin Da Ƙasa Ta Kan Karɓa Da Abin Da Ta Kan Ƙi

A watan nan za mu yi bincike a kan wani abu da kowa ya rena, watau juji. Wanda ya bi hanya daga Sakkwato zuwa Wurno da Goronyo, ko kuwa ya nufi Raba, zai ga fadamu cike da albasa da tafarnuwa da shinkafa. Amma in ya duba bakin gari, zai ga leda baƙa da fara ta maƙale a jikin kowace ƙaya. Ina dangin leda da albasa? Bari mu duba.

Yadda Kakanninmu Su Ke Yi

A dā, wuya ne a ga abin da a ke ce da shi banza. In an girbe gero, a kan yi danga da karansa. Dusa ta dabbobi ce. A kan naɗe harawa a ɗora a kan itace domin rani. Mata su kan tace toka su yi sabulu. Bayan kaka manomi ya kan shirya da Bafillace, shanu su kwana a gonarsa, su ci kara su bar masa taki. Shara kuwa, in ta ruɓe a juji, sai a kwasa a mangala, jaki ya kai gona. Mutanen karkarar Kano sun yi suna da wannan, gama da takin birni su ka daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba ta gaji ba.

Mu lura da kyau. Abin da ya fito daga gona, gona ya ke komawa. Yana kewayawa ne kamar ruwan sama.

Baƙon Da Ya Ƙi Tafiya

Sa'an nan leda ta zo. Ba mu musun amfaninta, gama ba ta da nauyi, ba ta da tsada. Amma ganye ya kan ruɓe, faifai ya kan ruɓe, ƙwarya ma haka. Ita leda gara ba ta cinta, ƙasa ba ta karɓarta. Ta kan yi shekaru masu yawa tana nan. Ɓarnarta iri huɗu ce.

Ta fari, ta ɓata taki. Manomi ya kai juji gona, sai ya tarar ya shuka leda. Saiwa ba ta ratsa ta, ruwa ba ya shiga ƙasa sosai.

Ta biyu, tana kashe dabbobi. Jan akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ba ta san bambancin ganye da ledar da aka ƙulla ƙosai a ciki ba. Ta haɗiye, leda ta dunƙule a tumbinta, ta yi ta ramewa. Ku tambayi mahauta abin da su kan samu in sun fede. Akuyar nan kuwa sau da yawa ita ce dukan jarin mace gwauruwa.

Ta uku, tana toshe hanyar ruwa. An gama ginin madatsar Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, tana iya riƙe ruwa fiye da mita miliyan 900 na murabba'in zurfi, watau tafki ne babba ƙwarai. Da ruwan gulbin nan ne masu noman rani na Goronyo da Wurno su ke ban ruwa. In leda ta cika lambatu, wanda gonarsa ta ke a ƙarshe shi zai rasa. A cikin gari kuma, kwata ta toshe, ruwa ya kwanta, sauro ya haihu.

Ta huɗu, in an ƙone ta, hayaƙinta yana cutar ƙirji, tun ba na yara ba.

Abin Da Gwamnati Ta Shirya

A 2007 aka kafa hukumar NESREA domin ta tsare dokokin tsabtar mahalli. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da shiri a kan sharar roba da leda. A 2024 ta hana amfani da robar da a kan yar bayan amfani ɗaya a ofisoshinta. A 2024 ɗin kuma Jihar Legas ta hana fararen mazuban abinci masu kama da kumfa. Waɗansu ƙasashe sun riga mu: Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Kenya kuwa a 2017.

Tushen shirin abu uku ne: a rage abin da a ke yarwa, a sake amfani da abu muddin yana da rai, in ya mutu a narke shi a yi sabo. Akwai kuma ƙa'idar cewa kamfanin da ya sayar da abin sha a gora, yana da hakkin tattara gorar bayan an sha. Masana suna ce da wannan duka tattalin arziki mai kewayawa. Sunan ne sabo, amma kakanninmu sun san aikin.

Gwamnati tana iya rubuta doka a Abuja, amma ba za ta shiga tsakar gida a Raba ta share mana ba. In shara ta gauraya tun daga gida, raba ta a juji aiki ne mai wuya.

Abin Da Za Mu Yi

1. Mu yi mazubi biyu. Ɗaya na abin da ya ke ruɓewa: ɓawo, toka, kashin awaki, sauran abinci. Wannan na gona ne. Ɗaya kuma na leda da gora da gwangwani.

2. Mu ɗauki kwando ko jakar kaba zuwa kasuwa. Masaƙin kaba ma zai sami ciniki.

3. Kada mu rena 'yan gwangwan masu yawo suna sayen tsohon ƙarfe da dalma da roba. Daga hannunsu ne maƙera su ke samun abin zuba tukunya. Suna yin aikin da shirin nan ya ke nema tun ba a rubuta shi ba. Mu tara musu, mu karɓi kuɗinmu.

4. Ran biki ko babban taro, mu sa yara biyu da buhu su tara ledar ruwa kafin iska ta kwashe.

5. Kafin a saki ruwan rani, masu gonaki su haɗu su yi gayyar yashe lambatu.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Gonar nan gado muka same ta, ba leda a cikinta. Me 'ya'yanmu za su tona a ciki in mun bar musu?

Tambayoyi

1. Ka faɗi abu uku da kakanninmu ba su yar ba, da amfanin kowanne.
2. Don me leda ta bambanta da ganye?
3. Ka ƙirga ledar da ta shigo gidanku cikin kwana bakwai. Nawa za a iya ragewa?