Ɗigon da Ba a Toshewa: Sil da Fakin a Injinan Ban-ruwa na Kwarin Rima

A galibin famfuna masu farfela akwai wurin da shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya farfelar, yake ratsa gangar jiki ya fita zuwa inji, kuma ta nan ne ruwa ke neman tserewa, iska kuma ke neman kutsawa. Hanyoyi biyu aka fi sani na tsare wannan ƙofa. Ta farko ita ce fakin, igiya saƙaƙƙiya da aka jiƙa da girafayit ko Teflon, wadda ake yankawa zobe-zobe a cusa kewaye da shaf, sannan a danne ta da marfi mai noti biyu. Ta biyu ita ce sil, fuskoki biyu masu santsi, galibi ɗaya ta kabon ɗaya ta tangaram, waɗanda sifirin ke haɗa su, ɗaya na juyawa ɗaya na tsaye. Tun da aka kammala madatsar Goronyo a 1984, shirin Fadama kuma ya yaɗa injina a shekarun 1990, noman rani a Goronyo da Wurno da Rabah ya rataya ne a wuyan waɗannan ƙananan abubuwa biyu da ba a kula da su.

Abin da ya sami wata ƙungiyar manoman albasa da tafarnuwa a fadamar da ke tsakanin Wurno da Goronyo shi ne ya jawo wannan rubutu. Babban famfonsu mai aiki da dizal fakin gare shi, yana kuma ɗiga kamar yadda ya kamata, sai wani daga cikinsu ya ga ɗigon ya ɗauka ɓaci ne, aka kira wani mai sifana da bai taɓa buɗe irin wannan famfo ba, ya ɗaure notinan biyu tamau har ɗigon ya ɗauke, aka sallame shi da godiya. Kafin azahar wurin ya fara hayaƙi, igiyar ta ƙone ta taurare, ta zaga ta yi wa silib, kwanson ƙarfen da ke kare shaf, zane mai zurfi kamar an bi shi da zarto. Maimakon a tsaya nan, sai mutumin ya dawo ya cusa tsumma da giris, iska ta riƙa shiga, famfo ya daina jan ruwa, su kuma suka bar inji yana ta ruri a bushe, ruwan da ya tsiyaya ya gangara cikin boris ya cinye shi. Da mai wannan rubutu ya isa, shaf ɗin ma ya lanƙwashe, kuma kwanakin da aka shafe ana neman madadinsa a Sakkwato sun zo daidai lokacin da albasa ke ƙwai. Abin takaicin shi ne igiyar da ta dace ba ta kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba.

Fakin da ba ya ɗiga yana ƙonewa. Ɗigon shi ne mai sanyaya shi. Ba a toshe shi.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar shi yana sakin ɗigo kamar 10 zuwa 60 a minti, gwargwadon kaurin shaf, kuma idan za a ƙara ɗauri, sai a juya notinan biyu daidai wa daida, kaɗan-kaɗan, a jira kamar minti 15 a ga yadda zai kasance. Idan igiya ta gaji, dukkan zobban ake cirewa, ba a ɗora sabo kan tsoho, kuma ana sassaɓa wuraren yankan don kada su haɗu a layi ɗaya. Ɗora sabuwar igiya kan silib mai zane asarar kuɗi ce kawai.

Sil kuwa akasin haka yake, domin idan ya fara zuba a fili to ya mutu, kuma ba a gyara shi da ɗauri. Babban maƙiyinsa shi ne tayar da inji ba a ɗura ruwa ba, abin da yara masu gadin gona ke yi kullum da ƙananan injinan fetur, alhali ɗan gajeren gudu a bushe ya isa ya tsaga fuskokin. Na biyu shi ne yashi, wanda ruwan Rima ke ɗauke da shi, musamman idan aka jefa bakin tiyo har ƙasan gulbi ba rariya, shi ya sa fuskokin silikon kabayid suka fi kabon da tangaram jure wannan ruwa, ko da yake sun fi tsada. Kada a taɓa fuskar da hannu mai datti. Kada a buga ta da guduma. Kada kuma a sayi sil da ido, a auna kaurin shaf tukuna, domin jabu da wanda bai dace ba sun cika shaguna.

Sannan a sake tunawa da ɗigon fakin, tun da har yanzu akwai masu injina da ke ganinsa abin kunya ne a gaban maƙwabta, suna neman wanda zai zo ya ɗaure musu.