Allon Gargaɗi a Mahaɗa: Ina Za a Kafa Shi?

Darasin da ya fi tsaya mini a rai bana shi ne tazarar allon gargaɗi. Mu ɗauka ana aiki a mahaɗar da muke ratsewa Bukkuyum daga titin Anka zuwa Gummi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. Injiniyoyi kan ware wa direba daƙiƙa biyu da rabi kafin ya taka birki, wato mita 55 sun tafi, birkin bai ma fara ci ba. To, allon bakin rami wa zai ceta? A ja shi baya sosai a kowane reshe, har ta inda 'yan kabu-kabu ke ɓullowa. Da dare kuma a jera ganguna masu ƙyalli, ba ganyen itace ba.