Darasi: Ciwon Gwiwar Hannu ta Ciki

Ki taɓa gwiwar hannunki ta gefen da ke kusa da jiki, za ki ji wani ɗan ƙashi ya tsaya. A nan ne jijiyar tsokokin da ke lanƙwasa wuyan hannu da yatsu take manne. Daka, jan guga, matse wanki, faskare da noma da fartanya duk wannan jijiya suke ja. In aiki ya fi ƙarfinta kullum, sai ta ɗan tsattsage, ciwo ya kama. Maza ma suna samunsa, musamman magina da maƙera.

Alamomi

Zafi a kan ƙashin nan in an danna shi. Zafi in an damƙe taɓarya ko an ɗaga bokiti. Hannu yakan rasa ƙarfin riƙo.

Abin da za a yi

1. A rage aikin, kada a ɗaure hannun a ajiye. A raba daka da wani a gida. A rage ruwan guga. A naɗa tsumma a ƙotar fartanya don ta yi kauri.

2. Miƙewa. Miƙe hannun sosai, tafin yana kallon sama. Da ɗaya hannun ki ja yatsun ƙasa a hankali. Ƙirga 30, ki saki. Sau 3, safe da yamma.

3. Ƙarfafawa. Zauna, ɗora hannun a kan cinya, tafin yana sama, wuyan hannun ya ɗan wuce gwiwar ƙafa. Riƙe robar ruwa ta rabin lita. Da hannu mai lafiya ki ɗaga wuyan hannun sama, sannan ki saki, mai ciwon ya sauko da robar shi kaɗai, kina ƙirga 5. Saukowar nan a hankali ita ce maganin. Sau 10, a huta, har zagaye 3, sau ɗaya a rana. In ya yi sauƙi, a koma lita 1.

Ɗan zafi lokacin motsawa ba laifi. In ya kwana ya ƙaru, a rage nauyin.

Haƙuri

Jijiya ba ta samun jini kamar tsoka, shi ya sa ba ta warkewa da wuri. Yakan ɗauki mako 6 zuwa 12, wani lokaci fiye. Wadda ta daina bayan mako ɗaya, ciwon zai dawo mata lokacin girbi. Tsaga da ƙaho ba sa kai ga jijiyar, sai dai su bar gyambo. Yawan shan diclofenac yana ɓata ciki da ƙoda.

A zo asibiti

In ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun mutu ko suna tsira, in gwiwar ta kumbura da zazzaɓi, in ciwon ya fara bayan faɗuwa, ko in an yi wata 3 babu sauƙi.

Allah ya ba da lafiya.