Tsimammen Shayi da Lafiyar Fata: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan bayani domin Hakimai da Dagatai da Malaman ofisoshinsu na ƙasashen Moriki da Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, saboda wani abin sha da a ke ta yayata shi ta wayar hannu, ana cewa yana gyara fata, yana kawar da ƙuraje, yana sa jiki sheƙi. Masu sayar da shi suna kiransa kombucha. A Hausance kuwa babu sunan da ya fi dacewa da shi kamar tsimammen shayi. A kan same shi cikin kwalba a waɗansu kantunan Ikko da Abuja, kuma sanin kowa ne abin da ya shiga birni ba ya daɗewa bai ɓullo a kasuwar Shinkafi ran Alhamis ba. Talaka in ya ji sabon abu, Mai Unguwa ya kan fara tambaya, Mai Unguwa ya tambayi Dagaci, magana ta ƙare a zauren Hakimi. Saboda haka ya kamata a sami amsa a shirye tun kafin a zo da tambaya.

Yadda A Ke Yinsa

A kan dafa ganyen shayi, a zuba sukari mai yawa, a bari ya huce. Sa'an nan a ɗora masa wani abu mai santsi da kauri kamar jiƙaƙƙen ƙirgi, wanda masu yi ke kira uwa. Wannan uwa gida ce ta ƙananan halittu iri biyu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Iri na fari shi ne yis, ɗan'uwan wanda masu burodi ke sa wa ƙullu ya tashi. Aikinsa ya ci sukari ya mai da shi barasa da iska. Iri na biyu su ne ke bin barasar nan su juya mafi yawanta ta koma ruwan tsami irin na khal. A kan rufe bakin mazubin da ƙyalle, a ajiye shi kwana 7 zuwa 14, sai a tace a sha. Ana jin asalinsa daga arewa maso gabashin ƙasar Sin ne, ya bi ta Rasha ya shiga Jamus a farkon ƙarni na 20, daga baya mutanen Amurka suka mai da shi haja.

Duk wanda ya karanta wannan zai ga cewa sunan ne baƙo, aikin ba baƙo ba ne. Matar da ta ɗiga tsohon nono cikin madara ta rufe ƙwarya ta kwana, aikin da ta yi ke nan. Haka mai jiƙa gero ta bar gasara ta yi tsami kafin ta dama koko, haka mai kunun zaƙi, haka mai daddawa da ke rufe kalwa kwanaki har ta nuna. Amfanin wannan dabara tabbatacce ne. Tsami yana hana yawancin ƙwayoyin gudawa yaɗuwa cikin abinci. Kuma cikin gero da dawa akwai wani sinadari da ke ɗaure ƙarfen da jini ke bukata ya hana hanji shansa. Jiƙo da tsami su kan karya shi, abincin ya ƙara amfani ga jiki. Watau dai mutanen ƙasar nan sun daɗe suna cin moriyar abin da a ke kawo musu yau cikin kwalba da tsada.

Abin Da Masana Suka Gwada

Maganar masu talla ba ta rasa tushe ɗungum ba, kuma adalci ne a faɗi tushen. Cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu masu yawan gaske waɗanda ba cuta su ke kawowa ba, taimako su ke yi, kuma likitoci sun gane akwai dangantaka tsakanin zaman lafiyarsu da yadda jiki ke kumburi ko bori. A shekarar 2021 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada mutum 36 na tsawon mako 10. Waɗanda aka ƙara wa abinci mai tsami, irin su kindirmo da tsimammen ganye da tsimammen shayi, an sami ire-iren halittun hanjinsu sun ƙaru, alamun kumburi cikin jininsu sun ragu. Amma fa a lura, abinci iri iri aka haɗa musu, ba shayin kaɗai ba, kuma ba fatarsu aka auna ba.

Gwajin da ya shafi fata sosai shi ne wanda aka yi a ƙasar Finlan aka bayyana a 2001. An ba mata masu ciki, da jariransu bayan haihuwa, wata irin ƙwayar halitta ta nono guda ɗaya zaɓaɓɓiya, aka ga kircin yara ya ragu da rabi cikin waɗanda aka ba. Wannan kuwa ƙwaya ce aunanniya cikin ƙwanso, ba abin da ke cikin tulun shayi ba ne. Da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2018 domin a ga ko irin waɗannan ƙwayoyi suna warkar da kircin da ya riga ya fito, sai aka tarar bambancin kaɗan ne ƙwarai ko babu. A 2019 kuma waɗansu masana biyu na Amurka suka bi rubuce-rubucen da aka yi kan tsimammen shayi kansa, suna neman inda aka gwada shi bisa mutane. Guda ɗaya tak suka samu, shi ma kan ciwon sukari ne. Sauran duk dabbobi ne da kwalaben ɗakin gwaji.

To, amsar da Hakimi zai bayar a taƙaice ita ce: tsimammen shayi abin sha ne, ba magani ba ne. Lafiyayyen babban mutum in ya sha kaɗan wanda aka yi da tsabta, ba a sa ran zai cuce shi, watakila ma cikinsa ya ji daɗi. Amma babu shaidar da likitoci suka amince da ita cewa yana warkar da wata cutar fata. Wanda ya sayar da akuyarsa domin wannan, kallon kitse ya yi wa rogo.

Inda Haɗari Ya Ke

Na kwalba ba shi ne abin tsoro ba, gama tsadarsa za ta tsare talaka daga gare shi. Abin tsoro shi ne na gida, domin uwar nan haihuwa ta ke yi, kowane tsimi ta kan fid da sabuwa, maƙwabciya ta ba maƙwabciya, cikin wata guda unguwa ta ɗauka.

Babban haɗari ga mutanen Zamfara shi ne mazubi. Ruwan tsami yana cin ƙarfe da fenti. A 1998 likitocin Ostareliya suka ba da labarin wani mutum da matarsa da suka yi wata shida suna tsima shayin nan cikin tulun tangaran mai sheƙi, tsamin ya narko dalmar da ke cikin shafen tulun, har sai da aka yi musu maganin fid da guba daga jini. Ba sai an yi wa Hakiman wannan jiha dogon bayani kan dalma ba. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, waɗansu da suka rayu kuma ta bar su da naƙasar ƙwaƙwalwa. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma dalma ɗaya ce ko daga ina ta zo. A 2014 an gwada tukwanen da maƙera ke zubawa daga tarkacen ƙarafa a Kamaru, aka tafasa ruwan khal a cikinsu, aka tarar dalma tana fita. Irin tukwanen nan suna ko'ina a kasuwannin ƙasar Hausa, tsamin da aka yi gwajin da shi kuwa shi ne ainihin tsamin da ke cikin wannan shayi. Kada a tsima shi cikin tukunyar zubi, ko tsohuwar langa mai ɓarewar fenti, ko gwangwani, ko jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi. Kwalba tsarkakakkiya kaɗai ta dace.

Sai ƙazanta. Ruwan sukari mai ɗumi da aka ajiye mako biyu gona ce, abin da ya faɗa ciki shi zai tsiro. In an ga fumfuna ta fito bisa uwar, baƙa ko kore, a zubar da duka, kada a kwashe sama a sha ƙasa. A ƙasar Iran mutum 20 sun kamu da cutar saifa, wadda ke kashe shanu, ta hanyar shafa uwar nan a jiki domin neman sauƙin ciwo, an kuwa reno ta ne a wuri marar tsabta. A 1998 aka bayyana wannan. Saboda haka shafa shi bisa miki ko ƙurji ya fi shansa muni. A jihar Iowa ta Amurka kuma, cikin Afrilu 1995, mata biyu da suka yi kimanin wata biyu suna sha kullum suka kwanta asibiti da tsami ya yi yawa a jininsu, ɗaya ta rasu. Hukumar lafiya ta can ba ta yanke cewa shayin ne ya kashe ta ba, amma ta ce iyakar abin da a ke ganin ba ya cutar da lafiyayye shi ne kimanin mililita 120 a yini, watau bai cika gwangwanin madara ba. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara da mai ciwon hanta ko ƙoda da mai ƙanjamau, duk su bar shi.

Akwai kuma maganar barasa. Masu kamfani su kan tsare ta ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100, duk da haka a 2010 sai da aka kwashe shi daga kantuna da yawa a Amurka domin an auna an ga ta wuce haka. Na gida, wanda babu mai aunawa, ya kan kai kashi 2 ko 3. Tun shekarar 2000 dokar Shari'a ta haramta abin maye a Zamfara. Hukuncin wannan abin sha na Malamai ne, ba na wannan takarda ba. Abin da ke kan Hakimi shi ne in an kai musu tambaya a kai ta da cikakken bayanin yadda a ke yinsa, kada a ce musu shayi ne kurum.

Cututtukan Da Ke Nan Gida

Ɓarnar da ta fi duk waɗannan ita ce ɓata lokaci. Kuturta ta kan fara da tabo ɗaya mai haske bisa fata, ba ƙaiƙayi, ba zafi. In an sa mutum ya rufe ido aka taɓa wurin da auduga, ba ya ji. Mai irin wannan tabo shi ne ainihin wanda talla za ta kama, domin yana ganin abin kyasbi ne, kuma yana jin kunyar zuwa asibiti. Alhali maganin kuturta yana nan, na wata 6 ko wata 12, kyauta a ke ba da shi a duniya duka tun 1995, kuma kowace Ƙaramar Hukuma tana da jami'in tarin fuka da kuturta. Wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta ga iyalinsa. Wanda ya fara da wuri ya kan warke babu wanda ya san ya yi. Amma jijiyar hannu ko ta ƙafa in ta mutu ba ta dawowa, kuma watannin da mutum ya ɓata yana tsimi, cikinsu ne ta ke mutuwa.

Ƙazwa wani ɗan ƙwaro ne da ke haƙa rami cikin fata, shi ya sa ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, tsakanin yatsu da ƙugu. Tana bin cunkoso, ga shi kuwa rashin tsaro ya tara mutanen ƙauyuka da yawa cikin garuruwa, ɗaki ɗaya tabarma ɗaya. Maganinta na shafawa ne, kuma tilas a shafa wa gida duka ko makarantar allo duka rana ɗaya, a wanke tufafi a shanya shimfiɗu a rana, in ba haka ba wanda aka bari zai mayar wa sauran. Makero kuma askar wanzami da mataji ke yaɗa shi, na kai ba ya jin shafi sai ƙwayar sha ta makonni.

Inda abinci ke gyara fata da gaske shi ne wurin wanda abinci ya gaza masa. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa tana saɓulewa kamar tsohon fenti, tamowa ke damunsa. Cikin Yuni 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya suka auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin 100 suna da tamowa. Irin wannan yaro asibiti za a kai shi ran nan, ba gobe ba. Shayi ko wane iri ne ba abincinsa ba ne, hasali ma yana rage wa hanji shan ƙarfen jini. Kuɗin sukarin tsimi in an sa shi a gyaɗa da wake da ƙwai da zogale da dafaffen nono da sabulu, ya fi yi wa fatar mutanen gida aiki.

Malamin Hakimi in ya sami labarin ana sayar da wannan abin sha ko waninsa da sunan maganin fata, ya rubuta ranar da kasuwar da irin mazubin da abin da mai talla ya ce yana warkarwa. In cikin kwalba ne ya duba ko akwai lambar NAFDAC, ya tuna kuma lambar ba shaidar warkarwa ba ce. Ya aika da kwafi ga Duba-gari da shugaban sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma. Lokacin rangadi kuma a umurci Dagatai su sanar da cewa duk mai tabon da ba ya ji ya je a duba shi. Sunan wanda aka tura kada a karanta shi a bainar jama'a, a rubuta shi a takarda dabam a liƙe, a miƙa wa jami'in kuturta hannu da hannu.