Saukar Tilas Ba Jarumta Ba Ce

'Ya'yana masu koyon tuƙin jirgin sama a kwalejin Zariya da sauran wurare, ku matso mu yi magana. Ƙaramin jirgi bai cika samun matsala a can sama ba. Yawancin ɓarnar a 'yan daƙiƙun sauka take faruwa, lokacin da gudu ya ragu, iska kuma ta samu yadda take so.

Iskar da ke tahowa ta gabanku taimakonku take yi. Ta gefe ita ce abar kiyayewa, kuma lissafinta ba wuya. In ta karkace da digiri 30 daga titin sauka, rabin ƙarfinta ne ke ture ku gefe. In ta kai digiri 60, kusan dukkansa ne. Littafin jirgin Cessna 172 ya ambaci iskar gefe ta not 15, wato kimanin kilomita 28 a awa, amma ku tuna gogaggen matuƙin kamfani ne ya gwada hakan. Kai mai sabon lasisi, yanke wa kanka iyakar da ba ta kai nan ba, ka riƙa ɗaga ta a hankali, malaminka na zaune a gefenka.

Kafin ka sauko, dubi jakar iskar nan da ke rataye a bakin titi. In ta miƙe sambal, ko tana faɗuwa tana tashi, ta gaya maka abin da za ka tarar. Karkatar da fiffiken da ke ɓangaren iska, ka daidaita hancin jirgi da tsakiyar titi da ƙafarka, tayar ɓangaren iska ta riga taɓa ƙasa. In iskar na zuwa da fizga, ƙara rabin ƙarfin fizgar a kan gudunka. Kuma kada ka saki jiki don taya ta taɓa kwalta. A nan ne iska ke shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi, jirgi ya zame cikin ciyawa ko ya kifa. Riƙe shi har sai ya tsaya cak.

Kun san hadarin farkon damina a ƙasarmu: gabas ta yi baƙi, gari ya yi tsit, sai ga jar ƙura ta taso gaban ruwa. Iskar da ke gabansa takan juya nan take. Kada ku yi tsere da ita. A ranar 10 ga Disamba, 2005, jirgin kamfanin Sosoliso ya yi ƙoƙarin sauka a Fatakwal cikin hadari, mutum 108 suka rasu, da yawansu ɗalibai masu tafiya hutu. Babban jirgi ke nan, balle naku mai kujera huɗu.

Saboda haka in saukar ba ta zauna maka daidai ba, ba jirgin wuta ka koma sama, ka zagayo, ko ka nufi wani filin, shi ya sa ake tashi da rarar mai. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Fasinja zai yi ƙorafin an makara, abokai za su yi maka tsiya, duk kafin gobe an manta. Tun kana ƙasa ka ƙudurta cewa za ka iya fasawa, domin a ƙafa hamsin sama da titi babu lokacin shawara.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya yi muku albarka.